Wa Zai Tsallakar da 'Yan Aji Ɗaya?

Zuwa ga Mai Girma Hedimasta,
Makarantar firamaren da ke tsallaken titi daga unguwarmu,
Magama, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka, ina yi maka ban gajiya da ɗawainiyar 'ya'yan mutane. Allah ya ba da lada.

Sunana Lawal. Idan ka taɓa tsayawa a ƙara wa tayar babur ɗinka iska a rumfar da ke ƙarƙashin bishiyar bedi, kafin a kai shingen kwastan, to ni ne tsohon nan mai ɗingishi da ya karɓe ka. Faci nake yi, kuma na haura shekara arba'in a bakin titin nan. Ba ni da wani muƙami, ban taɓa shiga kwamitin iyaye da malamai ba. Abin da ya ba ni bakin magana biyu ne: ni tsohon ɗalibin makarantarka ne, kuma jikata Bilki, mai shekara shida, tana aji ɗaya a wurinka. Mako biyu ke nan da aka aiko ta gida da takarda cewa za ta maimaita aji.

Na zo ofishinka sau biyu ban samu ganinka ba. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, na ba da a karanta a majalisarmu, a kuma sa ta a waya, domin abin ba gidana kaɗai ya shafa ba. Ka yi haƙuri da tsawonta. Tsoho in ya samu mai sauraro ba ya gajarta zance.

Na farko, bari in gaya maka yadda na san makarantar nan.

Ranar da aka kawo ni, babu wanda ya tambayi takardar haihuwa. An ce in ɗora hannu bisa kai in taɓa kunne, na taɓa, aka rubuta sunana. Hedimastan lokacin, Malam Garba, Allah ya jiƙansa, sai ya jera mu sababbin shiga a gefe ɗaya, ya jera 'yan aji bakwai a gefe ɗaya, don a zamanin firamare shekara bakwai ake yi. Yana zuwa kan kowane yaro sai ya tambaye shi ta ina gidansu yake, sannan ya kira babba guda wanda hanyarsa ta bi ta nan. Ya kama hannun ƙaramin ya sa cikin na babban. Da ya zo kaina ya kira wata doguwar yarinya, ya haɗa hannuwanmu, ya ce mata, "Ga ƙanenki nan. In ya makara ke kika makara, in ya yi kuka ke za ni tambaya." Wannan shi muke kira yayan hanya ko yayar hanya. Kowane ɗan aji ɗaya yana da nasa.

Tawa sunanta Saratu. Daga wata unguwar manoma take, can ta wajen Gangara, mutanensu masu zuwa coci ne. Mahaifina ya yi ɗan jim da ya ji haka, amma bai wuce kwana guda ba, don ya ga yadda ta durƙusa ta gaishe shi. Mahaifiyata kuwa tun ranar ta fara ajiye mata ƙosai biyu a ganye. Saratu ba ta shiga gida. Daga ƙofar zaure take tsayawa ta ɗaga murya ta ce, "Lawali, rana ta hito." Har yau idan na makara da tashi, muryar nan nake ji a kunnena.

A kan hanya take duba ni. Ta kama yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta yanke farce da guntun reza, ta miƙo mini asuwaki, ta lakato yawu da gefen zanenta ta goge mini kwantsa. Wannan na ƙarshe na tsane shi ƙwarai, amma ba ni da ta cewa. A lokacin babu kwalta mai faɗi kamar yanzu, ƙorama ce tsakaninmu da makaranta. Da damina sai ta ɗaura littattafanta a ka, ta goya ni, ta ratsa ruwan yana kai mata cinya. Da rani kuwa yashin ƙoramar nan shi ne allona na farko. Nan take zana mini baƙi da tsinke ta ce in kwaikwaya, in na yi daidai mu wuce, in na karkace ta share da ƙafa in sake. Ƙirga ma a hanya na koye shi, da jakuna da raƙuman da ke nufar Maraɗi da kaya. Wata rana na yi wasa da toka bayan ta gama gyara ni, aka duba hannuna a taron safe aka ga baƙi, aka yi mata bulala biyu a gaban kowa, ni ko tsawa ba a yi mini ba. Sai da muka kai ƙorama ta murɗe mini kunne har na ga taurari. Washegari ta kawo mini goruba.

Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a reshe. In an buga sai taron safe, daga nan kowa ya nufi ajinsa. Mu 'yan aji ɗaya a tabarma muke zama, gaban Malam Isiya, mutum mai sanyin murya wanda alli ya riga ya cinye masa aljihun riga. Kowa da ɗan allonsa baƙi da ƙunshin tsinkayen karan dawa, goma-goma an ɗaure da kaba. Da su muke tarawa, da su muke ɗebewa. In tara ta yi a sake mu, mu ci gyaɗa da rogo da ƙuli. Bayan tara babu wani karatu mai nauyi, sai tatsuniya da waƙa, wata rana a kai mu bakin ƙorama mu gina shanun laka. Da rana ta take sai a tashe mu, amma ba mu tafiya gida. A inuwa muke kwanciya, wasu har su yi barci, sai manyan sun tashi kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Abin da ake nema wurin ɗan aji ɗaya a ƙarshen shekara bai taka kara ya karya ba. Ya rubuta sunansa da na mahaifinsa, ya haɗa baƙi da wasali ya karanta gajerun kalmomi, ya ƙirga ɗari, ya iya gaida manya, ya san hanyar gidansu. Ba a cewa wane ne na ɗaya, wane ne na ƙarshe. Malam Isiya yakan kira mu ne ɗaya bayan ɗaya, ya zaunar da kai kusa da gwiwarsa ya yi maka tambaya kamar kuna hira. A kan wannan ɗan abin aka ɗora mini sauran, kuma da shi na yi shekaru ina karanta wa direbobi takardunsu, da shi nake rubuta maka wannan da hannuna.

Kada ka ɗauka ina cewa komai na da ya fi na yanzu. An sha bulala fiye da kima, an sha kwarkwata, rufin ajinmu yana yoyo, kuma 'yan mata ba su kai yatsun hannu biyu ba a duk makarantar. Ba na roƙon a mayar da yara tabarma. Amma ina kewar zamanin, ba zan ɓoye maka ba, kuma abin da na fi kewa shi ne tafiyar safen nan hannuna cikin na wani. Saratu ta rasu shekarun baya a can garin da ta yi aure. Na je gaisuwa, 'ya'yanta suna ta kallon wannan tsoho mai hula da carbi, suna tambayar juna ko wane ne. Na ce musu yayata ce.

Na biyu, wannan al'ada ba ta mutu da Malam Garba ba.

Ba a taɓa rubuta ta a wata takarda ba, shi ya sa ba za ka same ta a cikin fayil ɗin da aka miƙa maka ba. Hedimastocin da suka biyo baya sun daina haɗa hannuwa a taron safe, amma unguwa ta ci gaba da abinta. Duk gidan da aka sa yaro aji ɗaya, uwa takan leƙa maƙwabta ta nemi babba ta damƙa masa. Haka 'ya'yana shida suka yi karatu a nan, babu wanda na taɓa rakawa ko sau ɗaya.

Bilki ma haka ta fara. Maryama, 'yar maƙwabcinmu da ke aji shida, ita ce yayar hanyarta. Bakwai saura kwata suke fita, su tsallaka titi tun yana shiru, su shiga makaranta, manya su yi shara, ƙanana su yi wasa har a buga ƙararrawa. Duk zangon farko ka duba rajista, Bilki ba ta makara ko kwana ɗaya ba. In sun taso takan biyo ta rumfata, ta ajiye jaka ta hau karanta rubutun da ke jikin motoci, tana haɗa baƙaƙe a hankali da yatsa a sama. Direbobi suna dariya suna saya mata rake. Tsoho take kirana, kuma takan ce in ta gama makaranta ita za ta riƙa rubuta mini komai, tunda rubutuna ya yi kama da sawun kaji.

Na uku, dokar da ka kawo a zango na biyu.

Ka ce 'yan aji biyar da shida su riƙa zuwa ƙarfe bakwai daidai domin ƙarin darasi na shirin jarrabawar shiga sakandare. Ka ce da sun shiga a rufe ƙofa, kada a bar ƙanana su shiga sai bakwai da rabi, tunda babu malamin da zai kula da su. Ka ce kuma takwas saura kwata a sake rufewa, wanda ya makara ya jira a waje sai an gama darasin farko. Na fahimci dalilinka. Yaranmu sun daɗe suna faɗuwa jarrabawa, ka zo da niyyar gyara, kuma kowa ya shaida kai kake riga malamanka zuwa. Ban ga laifin niyyarka ba.

Abin da ba ka sani ba shi ne halin titin nan. Gidanka yana ɓangaren makaranta, ba ka tsallakawa da safe. Ni kuwa titin nan na san shi kamar tafin hannuna. Manyan motoci tun yamma suke jeruwa, su kwana a layi suna jiran a buɗe hanya. Da an fara sallamarsu, wajen bakwai da 'yan mintoci, duk sai su tashi lokaci guda. Masu fita suna matsawa, masu shigowa daga Nijar suna kutsowa, 'yan kabu-kabu suna ratsawa ta tsakiya da jarkoki da buhuna, hayaƙi ya turnuƙe, wani ba ya jin wani. Haka ake yi sai takwas ta gota. Wanda ya tsallaka kafin bakwai ya tsallaka lafiya. Wanda ya bari ta wuce, ko babba ne sai ya yi da gaske. To lokacin da ka ware wa 'yan shekara shida su zo makaranta, shi ne daidai lokacin da titin ba ya tsallakuwa, kuma ka riga ka ɗauke manyan da ke riƙe musu hannu.

Maryama ta yi ƙoƙarinta. Ta ci gaba da tafiya da Bilki da bakwai, ita ta shiga, ta bar ta a bakin ƙofa. Maigadinku ba shi da laifi, umarni aka ba shi, har kujerarsa yakan ba yaran su jingina. Amma rabin awa yara ƙanana suna tsaye a gefen titi irin wannan ba abin da uwa za ta jure ba ne. Ranar da wani ɗan kabu-kabu ya kauce wa mota ya banke akuya dab da inda suke tsaye, uwar Bilki ta ce an gama. Ubanta, ɗana Sani, direba ne, sau ɗaya a mako yake kwana gida. Uwarta tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Sai abin ya faɗo kaina.

Ni kuma gwiwata ta hagu tun da jak ya zame mota ta danne ta, shekaru da yawa ke nan, ba ta sake yarda da gudu ba. Na gwada tsallakawa da ita kafin bakwai, in tsaya da ita a bakin ƙofa har a buɗe. Kwana tara na yi haka. Amma in na tsallaka ba na iya dawowa sai bayan takwas, kuma wannan awar ita ce awar da direbobi ke neman iska da faci kafin su kama hanya. Ita ke ciyar da gidan. Da tukunya ta fara nuna alama, sai na koma fita da ita bakwai da kwata in gwada sa'a. Mu tsaya a bakin titi, tana jan hannuna tana cewa mu ruga, ni ina kallon tayoyin da na san nauyinsu ina cewa ta dakata. Wata rana mu samu direban da ya san ni ya taka mana birki. Yawancin ranaku kuwa muna isa mu tarar da ƙofa a rufe, ta kama ƙarfen da hannu biyu tana leƙen ajinsu.

Na huɗu, gwajin safe.

Da makara ce kawai, da na haƙura. Amma ka sa darasin farko na kowace rana ya zama gwaji, har ga 'yan aji ɗaya. Ana ba su tambayoyi a allo, a ba da maki, a tara makin a ƙarshen zango, wanda bai kai rabi ba ya maimaita. Wanda yake bayan ƙofa lokacin gwajin kuwa sifili ake rubuta masa. Na je na ga malamar ajinsu, Malama Hadiza, mace mai kirki. Ta buɗe mini rajista da kanta. Duk ranar da Bilki ta samu shiga, makinta yana sama. Sauran ranakun sifili ne a jere kamar ƙwai a faranti. Malamar ta ce mini a ajin nan babu yara uku da suka fi ta haɗa baƙi, amma ita ba ta da ikon canja abin da aka ce ta rubuta. Ranka ya daɗe, ba karatun yarinyar nan aka auna ba, gwiwata aka auna. Kuma da na bi sunayen masu maimaitawa da aka ja wa jan layi a shafin, kusan duka na san gidajensu, 'yan ɓangarenmu ne.

Tunda na ɗauko zancen, bari in ƙara da jakar. Littafi tara Bilki take ɗauka, har kafaɗarta ta karkace. Kullum da aikin gida, wani lokaci darasi uku, kuma da Turanci aka rubuta umarnin. Uwarta ba ta jin Turanci, ni nawa na bakin titi ne, bai wuce na gaisawa da jami'ai ba. Sai a zauna bayan la'asar, yarinya tana kuka, uwa tana faɗa, jariri yana taya su. An ba su haddar jadawalin sau har gida shida, tana rerawa tiryan-tiryan, amma da na zube mata kusoshin taya goma sha biyu na ce ta raba wa mutum uku, sai ta tsaya tana kallona. Da na bar ta ta taɓa su da hannu, ba ta yi minti biyu ba ta raba. Ni dai a aikina na san taya sabuwa ba a dura mata iska gaba ɗaya, a hankali ake yi ana dubawa.

Zuwana na farko ofishinka an ce ka tafi taro cikin gari. Na biyu mataimakinka ya saurare ni, ya ba ni kujera, amma ya ce doka doka ce, in aka buɗe wa ɗaya sai an buɗe wa kowa. Na ce masa ai abin da na zo nema ke nan. Ya yi murmushi ya ce zai isar. Ban sani ba ko ya isar.

Na biyar, abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Talata ta makon jiya, ina rumfa ina fama da wata taya, ina nufin in gama in je gida in ɗauko Bilki. Ashe ita ta gaji da jirana. Uwarta tana yi wa jariri wanka, ta sa yunifom ɗinta da kanta, ta ɗauki jaka ta sulale. Ban san komai ba sai na ga Mamman, wani direba ɗan Maraɗi da ke yi mini ciniki, ya nufo ni riƙe da hannunta. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar fuskarsa ta yi fari. Ya ce, "Malam Lawali, ɗiyag ga taku ce? Ƙalƙashin kamyona na ishe ta, wai lakwal za ta. Wallahi na riga na sa giya." A bakinsu na Nijar, kamyo babbar mota ce, lakwal kuma makaranta. Ashe ta ga yadda manyan yara ke sunkuyawa su bi ta ƙarƙashin tirela in layi ya tsaya, ita ma ta sunkuya. Gefen hijabinta ya hango a madubi, shi ne Allah ya sa ya ɗage ƙafa.

Ita ko kuka ba ta yi ba. Haushi ma take ji an dawo da ita. Ta dube ni ta ce, "Saura kaɗan in hita ta can, Tsoho. Da yau ban sha sifili ba."

Ban doke ta ba, ban yi mata tsawa ba. Na zauna a kan tayar da nake gyarawa, na yi kuka a gaban direbobi da masu shayi, ban ji kunya ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin kaina da na bar yarinya ta kai ga tunanin cewa sifili ya fi tirela. Da na kai ta gida na sa ta cire yunifom ɗin, na naɗe shi na sa a akwatin ƙarfen da nake ajiye kayan aikina, na datse da kwaɗo. Tun ranar ba ta sake zuwa makaranta ba, kuma ni na hana. Idan akwai hukuncin wannan, a kaina yake.

Saboda haka ga roƙona, kuma babu wanda zai ci wa makaranta ko sisi.

Ka bari ƙanana su shiga tare da manyansu da ƙarfe bakwai. In matsalar mai kula da su ce, na yi magana da dattawa uku na ɓangarenmu waɗanda suka bar aiki, sun yarda su riƙa zama da yaran a inuwa bi da bi har a buga ƙararrawa. Ni ma zan karɓi ranar Juma'a, da motoci suke raguwa. In kuma wannan bai yi maka ba, ka mayar da ƙarin darasin manya zuwa bayan an tashi.

Ka sa a sake gwada Bilki da sauran waɗanda aka ja wa jan layi. A zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, a ba su littafi su karanta, a zuba musu tsakuwa su ƙirga. Idan jikata ta kasa, ta maimaita, ni da kaina zan sa hannu a takardar. Amma kada a ce ta kasa abin da ba a bar ta ta shiga ta yi ba.

Ka duba maganar gwajin kullum da tulin littattafai ga 'yan aji ɗaya. Kai ne masani, ni mai faci ne, amma ina ganin ɗan shekara shida abin da ya fi buƙata shi ne ya so zuwa.

In Allah ya kai mu sabuwar shekarar karatu, ka tsaya a taron safe ka haɗa hannun kowane ƙarami da na babba, a gaban kowa, da bakinka. Yara suna riƙe amanar da hedimasta ya ba su fiye da wadda uwa ta roƙa a zaure.

Kafin duk wannan, ka zo rumfata wata safiya da bakwai da kwata. Akwai benci, akwai shayi. Ba zan ce maka komai ba, ka zauna kawai ka kalli titin na minti goma.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ba ka lafiya da haƙuri, ya sa yaran da kake wa wannan ƙoƙari su ci jarrabawarsu su zama abin alfaharinka. Allah ya raya naka 'ya'yan, ya tsare su a duk hanyar da suka bi. Idan akwai kalmar da ta yi zafi a cikin wannan takarda, ka yafe mini, zuciya ce ba raini ba.

Kwanakin farko, kullum da safe Bilki takan zo ta tsaya gaban akwatin nan ta ce, "Tsoho, yau ma?" In ce mata muna jiran amsar Hedimasta. Jiya ba ta tambaya ba. Yau ma ba ta tambaya ba, ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar tsakar gida lokacin da ƙararrawarku ke tashi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da ranar Talata. Don Allah ka ba ni amsa kafin ta saba.

Wassalam.

Naka mai girmamawa,
Lawal mai faci,
Bakin titin Magama, Jibiya.